Wai da me ake auna ɗorewar kiwon kifi, kuma su wa za a kira zaman?

Sakatare_Tamfol:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah masu sanin harkar nan a taimaka min da shawara, wallahi kaina ya kulle. Ni ne sakataren wata 'yar ƙungiyar masu kiwon tarwaɗa a nan bayan garin Kano, a rijista mu 42 ne amma in za a faɗi gaskiya waɗanda ke da kifi a ruwa yanzu ba su kai haka ba, da yawa sun naɗe tamfol sun jingine tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin abinci da na fetur suka yi tashin gwauron zabi. Yawancinmu tamfol ne da kankare, mutum uku ne kawai masu ramin ƙasa, kuma dukkanmu da ruwan bohol muke aiki.

To wata ƙungiya mai bada tallafi, ba sai na kama suna ba, ta zo ta ce za ta iya sa mana famfon sola amma da sharaɗi, mu kawo rahoton da zai nuna kiwon namu mai ɗorewa ne ko a'a, kuma wai ba mu kaɗai za mu shige ɗaki mu rubuto ba, sai an ji ta bakin masu ruwa da tsaki. Ciyaman ɗinmu ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, a rubuta kilo nawa muka fitar bara kilo nawa bana, a kai wa mai unguwa ya sa hannu, shikenan. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba don na san akwai sauran rina a kaba. Ruwan da muke saki lungu yake bi, maƙwabta suna ƙorafin wari da sauro, kuma bazarar da ta wuce rijiyoyi biyu suka ƙafe a layin bayanmu mutane suka ce bohol ɗinmu ne ya shanye musu ruwa. Har yau akwai wani dattijo da in na gaishe shi a masallaci da ƙyar yake amsawa.

Shi ne nake tambaya, ita ɗorewar nan da me ake auna ta, da sikeli ko da me? Su wa za mu kira? Kuma in an kira su kowa ya ja nasa ɓangaren, maganar wa za a rubuta? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Baba_Mai_Fond:

Wa alaikumus salam sakatare. Ni bokona bai yi nisa ba amma na haura shekara goma sha biyar ina wannan wahalar, bari in ba ka ma'aunina na tsofaffi. In ka kwashe kifi ka sayar, kuɗin da ya fito daga kifin nan shi kaɗai zai sayi sabbin 'ya'yan kifi da abincinsu har su kai kasuwa, ya kuma bar maka na cefane? In eh ne kana kan hanya. In kuwa kowane zubi sai ka yago daga albashi ko ka sayar da ragon uwargida ka cike, to ba kiwo kake ba, ciyar da kifi kake fisabilillahi.

Ka gaya wa ciyaman ɗinku kilo nawa aka fitar ba ya nuna komai. Wani zai fitar da tan biyu ya faɗi ƙasa warwas, wani ya fitar da kilo 500 ya ci riba. Abin dubawa shi ne abinci nawa kifin ya ci kafin ya ba ka kilo ɗaya, abin da 'yan boko ke cewa FCR. Misali ka zuba jubenail, wato 'ya'yan kifi da suka ɗan tasa, guda 1,000 suka cinye buhu 70 mai kilo 15, kilo 1,050 kenan, ranar kwasa sikeli ya nuna kilo 800. Raba 1,050 da 800 zai ba ka 1.3, wannan ba laifi. In ka ga abin ya doshi 2 alhali abinci mai tasowa saman ruwa kake bayarwa to akwai ɓaraka, ko abincin ba shi da kyau, ko irin kifin ne ya tsumbure, ko yaronka yana watsa abinci kamar ana rabon sadaka ya je ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, ko kuma buhu yana fita ta bayan katanga. Kuma abinci shi ke lashe kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwon tarwaɗa, in nan ya karkace komai ya karkace.

Sai kuma nawa ka zuba nawa ka kwashe. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta, in ba ka ware manya daga ƙanana a makonnin farko ba sai ka zuba dubu ka kwashe ɗari shida ka zo kana zargin maƙiya. Sannan ka zaga ka ƙirga fond nawa ne ke da kifi yau cikin duk fond ɗin 'yan ƙungiya, wannan lambar ita kaɗai ta ishe ka wa'azi.

Amma duk wannan sai da littafi fa. Cikin mutanenka 42 nawa ne ke rubuta abin da suka zuba da abin da suka kashe? Na san amsar. Maganar maƙwabta kuwa ni a ganina a ba su haƙuri a gyara kwata, ba sai an tara su ba, in ka tara mutane kowa sai ya zama injiniyan ruwa.

Hajiya_Mai_Banda:

Baba Allah ya ƙara girma, lissafinka daidai ne amma lissafin mai fond ne, a bakin sikeli ya tsaya, mu kuwa daga bakin sikelin namu yake farawa. Ni banda nake yi, da ita na aurar da 'ya'ya biyu, kuma ban taɓa ganin ranar da masu kiwo suka kira mu zama ba sai in kifi ya yi musu kwantai dillalai sun ƙi zuwa, ranar ne za ka ji waya "Hajiya ina kika shiga ne kwana biyu".

Sakatare in za ku auna, ku sa namu a ciki. Na farko mu ba ma son ƙaton kifin nan na kilo ɗaya da rabi, wannan na masu farfesu ne da gidajen gashi, mu madaidaici muke so mai uku ko biyu a kilo wanda zai lanƙwasu ya bushe har ciki, kuma muna son a riƙa samu duk wata ba kowa ya zuba rana ɗaya ya kwashe rana ɗaya ba, wata biyu kasuwa ta cika kifi ya yi arha ku yi kuka, wata uku babu ko ɗaya mu yi kuka. Na biyu abin da ake ba kifin. Wanda aka ɗura wa hanjin kaji da matattun kaji ina gane shi tun a wuƙa, kitse ne fal a ciki, in ya hau wuta sai ɗigar mai, ya motse ya koma ba nauyi kuma ba ya daɗewa a ajiye yake canza wari. Shi mai fond a littafinsa ya rage kuɗin abinci ya ci riba, asarar ta dawo kaina. Akwai ma kwastomomin da ke tambaya ko halal ne cin irin wannan, ni dai nakan ce a tambayi malamai, don haka ba laifi in kun gayyaci limamin unguwa.

Sai magani. Wasu kifi na fara mutuwa sai su fasa kafso ja-da-yalo ko maganin kaji su zuba, in abin ya ƙi washegari su kira mu mu kwashe da araha. Wa zai ci? 'Ya'yanmu da naku. Kuma don kar a ce na ga na wani ban ga nawa ba, mu ma a cikinmu akwai masu fesa fiya-fiya a busasshen kifi don ƙwari, wannan ma a rubuta shi, da itacen da muke ƙonawa da hayaƙin da ya gama cinye mana ido.

Abu ɗaya nake roƙo, in za ku kira mata kar ku haɗa mu da Alhazai a rumfa ɗaya ku ce "mata akwai mai magana?" Babu wadda za ta ce uffan, wasu ma bashin kifi ake bin su a wurin. Ku ware mana namu zaman, mace ta rubuta.

Ɗan_Bussa:

Malam sakatare barka da ƙoƙari. Ni a New Bussa na yi karatun kifi, garin da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take kusa da dam ɗin Kainji, yanzu kuma ina ɗan zagaya gonaki ina bada shawara. Ka lura da abin da ya faru a nan kafin ma in zo: Baba ya ba ka ma'auni, Hajiya ta zo ta nuna abin da ya zama riba a littafin Baba asara ne a nata. To ai wannan shi ne dalilin da ya sa masu tallafin suka ce sai an ji ta bakin kowa. Ɗorewa ba ta da sikeli guda, duk wanda ya zaɓi abin da za a auna shi ya riga ya rubuta rabin sakamakon.

Yadda aka saba, ana ɗora abin a kan duwatsu uku kamar murhu, kuɗi, jama'a, da muhalli. Shirin bunƙasa harkar kifi na FISH4ACP da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar da kuɗin Tarayyar Turai da Jamus, wanda a Najeriya tarwaɗa ya ɗauka, haka ya bi da ya nazarci harkar tun daga ƙyanƙyasa har banda, yana sa wa kowane ɓangare launi, kore ko rawaya ko ja. Ku ma launin nan za ku ara don ko wanda bai yi makaranta ba ya san ja ba alheri ba ne. Amma kar ku kwaso ma'auni hamsin, ba za ku iya bi ba, goma zuwa goma sha biyu sun isa, kuma kowanne ya zama abin da za ku iya aunawa da kayan da ke hannunku.

Na kuɗi Baba ya gama shi. Bari in tsaya a kan ruwa don nan rigimarku take. Da farko ku san lita nawa kuke kashewa a kan kilo ɗaya na kifi. Ɗauki tamfol mai cin lita 10,000, kana sauya rabinsa kullum har kwana 150, lita 750,000 kenan, in ka kwashe kilo 800 to kowane kilo ya sha kusan lita 940, wato jarka 37 da ɗoriya ta masu kurar ruwa. Misali ne kawai na buga, kowa ya buga nasa, amma ranar da ka faɗi wannan lambar a gaban matar da ke sayen jarka za ka gane me ya sa ake harararku. Kuma ga wani abu da ya kamata ku faɗa wa kanku gaskiya a kai, famfon sola yana rage kuɗin fetur amma yana iya ƙara jan ruwa, domin yanzu tsadar mai ce ke taka muku birki, ranar da ruwa ya zama kyauta wa zai kashe famfo? Ni da ni ne mai bada tallafin wannan zan fara tambaya.

Maganar rijiya kuwa kar ku yi musu kuma kar ku amsa laifi, ku auna. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da tsage-tsagen da ke ƙasansa, don haka yana yiwuwa bohol ya taɓa rijiyar maƙwabci, yana kuma yiwuwa bazara ce kawai da yawan gidajen da suka ƙaru kowa da bohol ɗinsa. Ku zaɓi rijiya uku kusa da ku da guda ɗaya ko biyu can nesa inda ba mai kiwo, a samu igiya a ƙulla mata ƙulli duk rabin mita a ɗaura dutse, duk Juma'a da sassafe kafin a fara ja a zura a rubuta. In na kusa da na nesa tare suke sauka to ba ku ba ne, in na kusa sun fi saurin sauka kun ga amsa. Kuma igiyar nan dattijon da ba ya amsa gaisuwarka za ka ba, shi ya auna ɗan ƙungiya ya rubuta, lambar da ya auno da hannunsa ba zai ce ƙarya ce ba.

Ruwan da kuke saki shi ma, kar ku ce ai kifi bai mutu a ciki ba don haka lafiya lau. Tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, tana rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana ba. Kit ɗin gwada amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ba shi da wahalar samu, ƙungiya ta sayi ɗaya. Abin da ya fi wannan sauƙi, ku ƙirga kashi nawa na ruwan ke tafiya lambu kashi nawa ke bin lungu. Sinadarin naitirojin da ke cikin abincin kifi wanda ke zama nama bai kai rabi ba, sauran yana cikin ruwan nan, taki ne kuke zubarwa a kwata alhali mai alayyafo da latas yana sayen buhun taki da tsada. Shi ya sa 'yan lambu dole su zo zaman. A Masar ma da ta fi kowace ƙasa a Afirka kiwon kifi an daɗe ana wannan jayayyar ta wa zai fara amfani da ruwa, gona ko kifi, har doka ta daɗe tana tilasta wa masu kifi amfani da ruwan da ya fito daga gonaki.

Yanzu tambayarka ta uku, maganar wa za a rubuta. Ka raba mutane rukuni rukuni kamar yadda Hajiya ta ce, masu fond, masu ƙyanƙyasa da masu sayar da abinci, masu banda da dillalai, yaran da ke aiki a fond ɗin waɗanda kowa ke mantawa da su, maƙwabta, 'yan lambu, sai mai unguwa da jami'in kifi ko malamin gona na ƙaramar hukuma da duba-gari. A zana ma'aunan a ƙasa ko a kwali, a ba kowane mutum ƙwayar wake 20 ya rarraba a kan abin da ya fi damunsa. Za ka ga masu fond sun jibge a kan kuɗin abinci, maƙwabta a kan wari da rijiya. To kar ka haɗa ka raba ka fitar da lamba ɗaya, in ka yi haka ku da kuka fi yawa za ku haɗiye kowa. Ka rubuta na kowane rukuni daban, inda aka saɓa ka rubuta an saɓa. Sannan a amince da abu biyu ko uku da riba ba ta goge su, kamar sayar da kifin da aka ba magani tun bai cika kwanakin da maganin zai fita daga jikinsa ba. Wanda ya yi wannan ja ne ko da FCR ɗinsa 1 ne cif.

Kar ka ga kamar ku kaɗai abin ke ba wahala. Ƙa'idojin ASC, hukumar da ke tantance gonakin kifi masu ɗorewa, da ake liƙa tambarinsu a kifin kantunan Turai sun fito ne daga zaman tattaunawa da ƙungiyar kare muhalli ta duniya WWF ta faro a 2004, mutum sama da 2,000 suka shiga, masu gona da masana da 'yan kasuwa da masu rajin muhalli, sai 2010 aka kafa hukumar, kuma har yau ana sukar su cewa ƙaramin manomi ba ya iya biyan kuɗin tantancewa. Norwe kuwa tun 2017 ta raba gaɓar tekunta shiyya 13, duk shekara biyu ana duba yadda ƙwarƙwatar kifi daga keji ke kashe kifin samon na daji, shiyyar da ta samu kore a bar ta ta ƙara yawan kifin da take kiwo da kashi 6 cikin ɗari, rawaya ta tsaya yadda take, ja ta rage kashi 6. Ma'auni ɗaya tak suka ɗauka kuma sai da wasu masu gonakin suka kai gwamnati kotu. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne launin yana da abin da ke biyo bayansa, ku ma ku yanke tun yanzu me za a yi wa wanda ya samu ja.

Littafin da Baba ya ce kuma ba wasa ba ne. A 2018 Amurka ta hana shigar da bandar tarwaɗa daga Najeriya, ba wai guba aka kama ba, takardun da za su nuna yadda muke sa ido a kan kifin ne ba mu cika ba.

Ɗan_Sarkawa_Yawuri:

Ɗan Bussa ka yi bayani, Allah shi biya. Amma cikin jerin da ka kawo ban ga masunta ba, kullum haka a kai muna. Na san su sakatare tamfol ne cikin gari ba su taɓa gulbi ba, amma abincin da kifinsu ka ci fa? Garin kifin da anka sa ciki daga ina ya fito? Wani daga teku, can Moritaniya da Sanagal da Gambiya masana'antu na niƙe ƙananan kifin da talakawa ka ci, wani kuma daga nan wajenmu, ƙananan kifin tafkin Kainji da a ka shanyawa, masu haɗa abinci na gida suna saye buhu buhu. Kifin nan shi giwan ruwa da sauran manya ka ci, shi kuma talaka ka sa miya. Don haka a tambayi mai haɗa abinci mi ya sa a ciki, wanga ma ma'auni ne.

Batun zama da jama'a kuma mu mun gani tun shekarun 1990 da anka yi aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a tafkin Kainji, anka zauna da sarakunan ruwa kan lasisi da kan tarun dala mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Abin da na koya wajen iyayena shi ne inda sarkin ruwa ya yarda da doka tana aiki ko ba soja, inda bai yarda ba takarda ce kawai. Ai ko Argungu da duniya ka zuwa kallo, don an hana su a wurin sauran shekara ne a ka samun manyan kifin ranar biki.

Sai gargaɗi guda. Ranar da kunka ce akwai kuɗin mota da lemo, rumfa za ta cika da waɗanda ko warin fond ɗin ba su taɓa ji ba, kuma kowa zai faɗi abin da ya ga baƙo na son ji don kar sola ta wuce. Mutanenmu ba su kunyata mutum gaban baƙo. Ku yi naku zaman tun baƙin ba su zo ba.

Zango_Akosombo:

Salam 'yan uwa na Najeriya, ina karantawa daga Gana. Mu nan karfasa ake kiwo a keji a cikin tafkin Volta, na yi aiki a wajen shekaru. Abu ɗaya zan ƙara da ban ga an faɗa ba. A ƙarshen 2018 cuta ta shigo, ƙwayar da ake kira ISKNV, ta fi kashe 'ya'yan kifi, kuma ba ta tambayi wa ke da littafi mai kyau wa ba shi da shi ba tunda ruwa ɗaya ne, kifin da ƙasar ke fitarwa ya faɗi sosai a 2019 sai da aka shiga yin rigakafi. Aka fara farfaɗowa kuma sai ga 2023 an buɗe ƙofofin dam ɗin Akosombo a watan Satumba da Oktoba, ruwa ya shanye garuruwa irin su Mepe ya kwashe kejin mutane da kifin ciki.

Don haka ban da auna shekarar lafiya, ku auna shekarar masifa. Ku tambayi kanku in cuta ta shiga wurin mutum ɗaya, raga ɗaya da baho ɗaya kuke aron juna? Wurin mutum nawa kuke sayen 'ya'yan kifi, in ɗaya ne ranar da nasa suka kamu duk kun kamu. In famfo ya lalace kwana nawa za ku iya riƙe kifi? Masu ramin ƙasa ukun nan, damina mai ƙarfi tana kai musu? Mutum nawa ne cikinku zai iya sake zubi in ya rasa zubi ɗaya gaba ɗaya? Waɗannan ba sa buƙatar kit, tambaya ce kawai da amsa ta gaskiya.

Baba_Mai_Fond:

To na ji an taru a kaina. Hajiya na karɓi gyara, maganar hanjin kaji gaskiya ce, ni ma na taɓa yi da abinci ya gagara, ban ƙara ba don wari ya hana ni zama a gonata ni kaina. Amma Ɗan Bussa wake 20 ɗin nan ka sa ido, akwai wanda zai zo da nasa a aljihu.

Sakatare_Tamfol:

Hhhh Baba ai sai mu rina namu da shuni. Jama'a wallahi na gode, ban zaci zan samu haka ba. Jiya bayan isha'i na karanta wa ciyaman duka, maganar sola za ta ƙara jan ruwa ba ta yi masa daɗi ba, ya ce kar mu rubuta abin da zai sa a fasa ba mu, na ce masa gara mu rubuta da kanmu mu haɗa da dokar awa nawa kowa zai kunna famfo da a ce su suka gano. Bai ce eh ba bai ce a'a ba, ya dai ce a kira mitin ranar Asabar.

Yau da asuba kuma na yi ta maza na tare dattijon nan a ƙofar masallaci na ce masa Baba muna so a riƙa auna rijiyoyi kuma kai muke so ka riƙe igiyar. Ya daɗe yana kallona sannan ya ce rijiyar gidansa gaba tara ce tun zamanin mahaifinsa, ba ya buƙatar mita, amma zai zo. Akwai mai lambu a ƙasan layinmu shi ma na yi masa magana, ya ce in za mu ja masa fayif har bakin lambu yana so, sai dai kar mu sako masa ruwan ranar da muka zuba gishiri ko magani, wanda ni ko tunanin haka ban taɓa yi ba.

Abin da ya rage min shi ne littafin nan, wa zai riƙe na ƙungiya, don in ni ne za a ce sakatare ya gyara lamba. Hajiya in Allah ya yarda zaman mata daban za a yi, wace rana ta fi muku?

Hajiya_Mai_Banda:

Ban da safe, da safe muna wajen sayen kifi, kuma ban da Juma'a. Ku sa bayan la'asar a gidan ɗaya daga cikinmu ba a gonar wani Alhaji ba. Littafi kuwa ku yi biyu, ɗaya wajenka ɗaya wajen malamin makarantar unguwa ko wani da ba shi da fond, duk ƙarshen wata a haɗa a gani. Kuma ka sayi mai bango mai tauri, na 'yan firamaren nan sati biyu a bakin fond ya jiƙe ya yage.